Dogon zama da ciwon baya: Abin da ya kamata ma'aikacin ofis da ɗan kasuwa su sani

Ciwon ƙasan baya, wanda aka fi sani da ciwon ƙugu ko ciwon kwankwaso, shi ne kan gaba a duniya cikin larurorin da ke rage wa mutum ƙarfin neman abinci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da shi, kuma ana hasashen adadin zai kai miliyan 843 a shekarar 2050. A da ana ɗaukar sa ciwon manomi da ɗan dako da mai haƙar rijiya. Yanzu ya zama abokin zaman akawu da magatakarda, da malamin da ke kwana duba takardun jarrabawa, da mai POS, da tela, da mai shagon da ke yini a kan benci. Kusan 90 cikin 100 na masu ciwon, in an bincika, ba a samun wata takamaimiyar cuta a ƙashinsu. Wannan albishir ne, domin yana nufin mafi yawan maganin yana cikin yadda mutum ke tafiyar da yininsa.

Yinin da zama ya cinye

Boɗinga da Shagari ƙananan hukumomi ne biyu cikin 23 na Jihar Sakkwato, duka a kan babbar hanyar da ta tashi daga birnin Sakkwato ta nufi Tambuwal da Jega. Boɗinga ce ta fi kusa da birni, Shagari na gaba da ita. Kusancin ya sa akwai ma'aikatan da ke kwana a Sakkwato su yi sammako zuwa sakatariyar ƙaramar hukuma ko makaranta ko asibiti, akwai kuma waɗanda ke tasowa daga garuruwan zuwa ma'aikatun jiha ko kasuwa.

Irin wannan ma'aikaci yakan ƙirga awannin ofis kawai a matsayin zamansa, alhali tun kafin ya isa ya riga ya zauna a matse cikin motar haya ko a bayan ɗan kabu-kabu. Ya zauna a teburi har a tashi, ya sake zaman mota, da yamma ya zauna a majalisa kansa sunkuye a kan waya, da dare kuma gaban talabijin. Idan aka haɗa lissafi, ba wuya a sami awa 10 ko fiye. Bayan mutum bai san bambancin kujerar ofis da bencin majalisa ba. Duka zama ne a wurinsa.

Aikin rubutu ba baƙo ba ne a wannan yanki. A Sifawa, cikin ƙasar Boɗinga, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna yana karantarwa yana wallafa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuma ya zauna a garin Boɗinga. Sai dai marubutan wancan zamani a kan buzu ko tabarma suke zama, takarda a kan cinya. Zaman ƙasa ba ya barin mutum ya daɗe a siffa ɗaya: ya tanƙwashe ƙafa, ya miƙe ta, ya kishingiɗa, ya tashi, kuma duk inda za shi da ƙafa ne ko bisa dabba. Teburi da kujera sun shigo ne tare da ofisoshin En'e da makarantun boko, suka zo da damar da jiki bai saba da ita ba, wato a yi awanni ba a motsa ba. Ko a Turai an daɗe da lura da hakan. Likitan Italiya Bernardino Ramazzini, a littafinsa kan cututtukan masu sana'o'i da ya fara fitowa a shekarar 1700, ya yi bayani kan larurorin masu aikin zaune.

Yadda aka gina gadon baya

Gadon baya jerin ƙasusuwa ne 33: guda 7 a wuya, 12 a tsakiya inda haƙarƙari ke manne, 5 manya a ƙugu, sannan 5 da suka haɗe suka zama ƙashi ɗaya a tsakanin kwatangwalo, da wasu ƙanana 4 a can ƙarshe. Ta tsakiyarsu laka ta ratsa, daga gare ta kuma jijiyoyi ke fita zuwa hannuwa da ƙafafu da mafitsara da hanji. Tsakanin ƙashi da ƙashi akwai faifan guringuntsi, guda 23, mai tauri a baki da laushi a tsakiya, wanda ke aiki kamar matashi. Lafiyayyen baya ba miƙaƙƙe ba ne kamar sanda. Yana da lanƙwasa ta halitta: wuya da ƙugu sun ɗan lotsa ciki, tsakiyar baya ta ɗan turo waje.

Abu ɗaya game da faya-fayan nan shi ne mabuɗin fahimtar komai. A jikin babban mutum kusan babu hanyar jini da ke shiga cikinsu. Abincinsu yana tsattsafowa ne daga ƙasusuwan da ke sama da ƙasa, kuma sauyin matsi, a danne sannan a saki, yana taimaka wa ruwan shiga da fita, kamar soso a cikin ruwa. Shi ya sa mutum ya fi tsawo da santimita 1 zuwa 2 da safe fiye da dare. Wanda ya ƙame a wuri ɗaya ya danne soson ne bai saki ba. Haka tsokokin ke yi: na gaban cinya su ɗaure, na ɗuwawu da ciki su yi sanyi don ba a sa su aiki, sai ƙananan tsokokin baya da na wuya su ɗauki nauyin da ba nasu ba, su gaji, su fara zogi.

Abin da awo ya nuna

A wani bincike da aka wallafa a shekarar 1999, masana a Jamus ƙarƙashin Hans-Joachim Wilke sun sanya na'urar awo cikin faifan ƙugun wani lafiyayyen mutum da ya ba da kansa, suka auna matsin da ke kansa a yanayi daban-daban. Idan aka ɗauki matsin tsayuwa a matsayin 100, kwanciya rigingine ta ba da 20, zama a miƙe ba jingina kusan 90, zama a jingine wajen 55. Da ya zauna ya sunkuya gaba sosai, matsin ya haura 160. Da ya ɗaga kaya mai kilo 20, kwatankwacin jarkar ruwa mai lita 20, da lanƙwasasshen baya, ya kai 460. Da ya riƙe kayan manne da jikinsa, bai wuce 220 ba.

Awon mutum ɗaya ne, amma darasinsa a fili yake. Zama a kan kansa bai fi tsayuwa nauyi ba. Sunkuyon da ake yi a kan fayil ko allon kwamfuta shi ne matsalar, jingina kuwa sauƙi ce, ba lalaci ba. Bitar bincike da dama ta kuma nuna cewa haɗarin ciwon yana ƙaruwa sosai ne idan dogon zama ya haɗu da karkataccen zama da girgizar abin hawa, wato daidai abin da mai zirga-zirga tsakanin Shagari da Sakkwato ke haɗawa kullum.

Wuya ma haka. Kan babban mutum yana da nauyin kilo 5 ko kusa da haka. Wani lissafi da likitan ƙashin baya a Amurka, Kenneth Hansraj, ya wallafa a 2014 ya nuna cewa idan aka sunkuyar da kai sosai, kamar mai duba waya a kan cinya, nauyin da wuya ke ji na iya kai kilo 27. Mai POS da ke yini yana danna na'ura a kan gwiwarsa ya san ciwon ƙeya da kafaɗa ko da bai san wannan lissafi ba.

Gyaran wurin zama

Ba kowane ofis ke da kujera mai juyi da ake ɗagawa a sauke ba. A yawancin ofisoshi da shaguna, abin da ake da shi kujerar katako ce, ko ta roba, ko benci. Duk da haka ana iya gyara su ba tare da kashe kuɗi ba.

A fara da ƙafa. Tafin ƙafa ya sauka ƙasa gaba ɗaya, gwiwa ta yi daidai da kwatangwalo ko ta ɗan yi ƙasa da shi. Idan kujera ta yi tsawo, a sa bulo ko guntun katako a taka. Idan ta yi gajarta ga teburin, a ɗora matashi mai tauri. A tura ɗuwawu har ƙarshen kujera, sannan a naɗe tawul ko ɗankwali mai kauri a sa a lotsawar ƙugu, daidai inda ake ɗaure wando. Wannan ɗan naɗin kan yi aikin da ake sayen kujera mai tsada dominsa. Gwiwar hannu ta kasance kusa da jiki, hannu ya kwanta a teburi ba tare da an ɗage kafaɗa ba.

Saman allon kwamfuta ya zo daidai da ido, nisansa kamar tsawon hannu, kuma a gaban mutum sosai, ba a gefe ba. Kwamfutar cinya tana da aibi na asali: idan allonta ya dace da ido, madannanta sun yi sama, idan madannan sun dace da hannu, allon ya yi ƙasa. Mafita ita ce a ɗora ta a kan tsofaffin fayil-fayil ko kwali, a haɗa mata madannai na daban. Mai rubutu da biro ya ɗan jingina littafin a kan wani abu ya karkato gare shi. Wanda kuma yake matso da fuska don ya ga rubutu, mai yiwuwa tabarau yake buƙata, musamman in ya haura shekara 40. Ciwon wuya da yawa daga ido yake farawa. Maƙale waya tsakanin kunne da kafaɗa ana rubutu, shi ma a bar shi.

Benci ba shi da majingina, don haka mai shago ya matsar da shi jikin bango. Kujerar roba da ta tsufa ta buɗe ƙafafu tana jefa ƙugu baya, gara a sauya ta.

Tashin ya fi gyaran

Duk kyan zama, in ya daɗe ya zama mugun zama. Masu ilimin gashin ƙashi sukan ba da shawarar a tashi duk bayan minti 30, ko da na minti biyu ne, kuma kada a wuce awa guda. Ba sai an yi wani atisaye na musamman ba. A miƙe tsaye a amsa waya. A kai fayil ofishin gaba da kai maimakon aiken masinja. A ajiye ruwan sha nesa da teburi. Wanda ya tashi zai iya dafa ƙugu da hannu biyu ya ɗan lanƙwasa baya a hankali sau biyar, ya ja kafaɗu baya kamar zai haɗe su, ya ja haɓa ciki ba tare da sunkuyar da kai ba.

Akwai abin da ke hana wannan, kuma ba rashin sani ba ne. A al'adar ofis, zama girma ne: babba ba ya tashi, shi ake zuwa a samu, ƙarami kuma yana tsoron a leƙo a ga kujerarsa babu kowa. Ɗan kasuwa yana ganin yana ɗagawa mai saye zai wuce. Amma ma'aikacin da bayansa ya riƙe yakan rasa mako guda cur, mai shago kuma ya rufe shagon baki ɗaya. Shugaban sashe da ya saba wa mutanensa tashi na minti biyu, musamman a ƙarshen wata lokacin haɗa takardun albashi, ba abin da ya rage wa aiki.

Lokutan Azahar da La'asar suna raba yinin mafi yawan ma'aikatan yankin, kuma takawa zuwa masallacin da ya ɗan yi nisa riba ce ga baya. Sai dai daga safe zuwa Azahar tazara ce mai tsawo, tana buƙatar nata tashin.

A wajen aiki, tafiya da ƙafa ita ce mafi araha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawarar motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, da atisayen ƙarfafa tsoka kwana biyu. Wani gwaji da aka yi a Ostareliya da mutum 701, aka wallafa a mujallar Lancet a 2024, ya gano cewa waɗanda aka ɗora a kan shirin tafiya tare da wayar da kai sun kai kwana 208 kafin ciwon ya dawo musu ya hana su harkokinsu, sauran kuwa kwana 112. A Sakkwato, inda zafin bazara ke haura digiri 40, lokacin tafiyar shi ne bayan Asuba ko gab da Magariba. Minti 30 a kwana biyar na mako ya cika adadin. Rage teɓa da barin taba su ma suna cikin lissafi, domin taba na rage jinin da ke ciyar da faya-fayan.

Mai zirga-zirga a mota ya tafi da naɗaɗɗen tawul ɗinsa, kuma in ya sauka kada ya sunkuya nan take ya finciko buhu daga bayan mota. Ya ɗan taka tukuna, sannan ya durƙusa da gwiwa ya rungumi kayan. Ma'aikaciya tana da nata ƙarin nauyin: bayan ofis akwai shara da gajeriyar tsintsiya, da wanki a duƙe, da goyo. Ɗora bahon wanki a kan benci da amfani da tsintsiya mai dogon hannu suna rage sunkuyon ƙwarai.

Basir, sanyi da ƙwayoyin haɗi

A ƙasar Hausa, da mutum ya ce bayansa na ciwo, amsar farko ita ce basir ne ko sanyi. Sai a shiga shan jiƙo da sassaƙe na watanni, kujerar da ta jawo ciwon kuma tana nan yadda take. Wasu jiƙe-jiƙen na sa gudawa mai ƙarar da ruwan jiki, ba su taɓa tsokar da ta gaji ba.

Wanda ya fi wannan haɗari shi ne haɗin ƙwayoyi da ake saye a hannun masu talla ko a kemis ba tare da takardar likita ba. Sau da yawa a kan haɗa magunguna biyu ko uku na gida ɗaya, irin su diclofenac da ibuprofen da piroxicam, wani lokaci har da dexamethasone. Jiki zai yi sakayau, amma yawan shansu na jawo gyambon ciki da zubar jini, yana ɗaga hawan jini, yana lalata ƙoda, musamman a lokacin zafi ko azumi da ruwan jiki ya yi ƙasa. Dexamethasone kuwa, in aka daɗe a kansa, yana rage ƙarfin ƙashin da ake neman ceto, yana kuma tayar da ciwon suga. Mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda ko hawan jini, da mai juna biyu, kada su sha waɗannan sai da izinin likita.

A watan Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idarta ta farko kan ciwon ƙugu mai daɗewa, wato wanda ya wuce wata uku. Ta goyi bayan wayar da kan majinyaci, da shirin motsa jiki, da tausa, da magungunan rage kumburi in likita ya ga ya dace. Ta kuma yi hani ga abubuwa uku da mutane suka ɗauka su ne magani: ɗamarar ƙugu, da jan baya da na'ura, da ƙwayoyi masu bugarwa na dangin tramadol. Doguwar kwanciya ma ba magani ba ce. In baya ya riƙe, hutun kwana ɗaya ko biyu ya isa, a ɗan gasa wurin da ruwan ɗumi, sannan a koma motsi a hankali. Yawancin irin wannan ciwo yana sauka sosai cikin mako shida.

Mutane da yawa suna matsa wa likita sai ya yi musu hoto. Ga ciwon da ba shi da alamar haɗari, hoto bai cika ƙara komai ba sai fargaba. Wata bita da aka wallafa a 2015 kan hotunan mutanen da ba su jin ciwon komai ta gano alamar zaizayar faifai a 37 cikin 100 na 'yan shekara 20, da 96 cikin 100 na 'yan shekara 80. Zaizayar kamar furfura ce, tana zuwa da shekaru. Ganin ta a hoto ba ya nufin baya ya lalace.

Alamomin da ba a jira da su

Akwai ƙalilan da ciwon bayansu ba na kujera ba ne, kuma a nan jinkiri na iya kai ga shanyewar ƙafafu. Idan ciwon baya ya zo da kasa yin fitsari, ko fitsari da bayan gida suna zuba ba a sani ba, ko tsakanin cinyoyi da al'aura suka yi dindiris, ko ƙafa ta fara rauni tana jan ƙasa, to a ranar ake tafiya asibiti, ba gobe ba. Jijiyoyin ƙarshen laka ne ke danne, kuma awanni na da muhimmanci.

Ciwon da ke tsananta da dare har ya hana barci, tare da zazzaɓi, gumin dare da rama, yana iya zama tarin fuka na ƙashin baya. Najeriya na cikin ƙasashen da cutar ta fi yawa, kuma tana iya cin ƙashi ba tare da mutum ya yi tari ko sau ɗaya ba, har doro ya fito. Maganinta kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. A yankin kiwo kamar Boɗinga da Shagari, ya kamata a gaya wa likita in ana shan madarar da ba a tafasa ba ko ana hulɗa da dabbobi, domin akwai cutar da ake ɗauka daga gare su mai kawo zazzaɓi da ciwon ƙugu. Ciwo a gefe ɗaya a ƙasan haƙarƙari mai sauka mara, da zafin fitsari ko jini a cikinsa, ya fi kama da na ƙoda. Namijin da ya haura 50 yana fama da matsalar fitsari da sabon ciwon baya, da macen da ta taɓa samun ƙari a mama, da mai ciwon sikila, da duk wanda ya faɗi daga babur, su ma likita ya kamata ya fara ganinsu kafin a je wurin maɗori ko wanzami. Murza ko taka bayan da ƙashinsa ya tsage ko tarin fuka ya cinye na iya taɓa laka.

Matakin farko shi ne cibiyar lafiya ko babban asibitin ƙaramar hukuma, inda za a duba a kuma rubuta takardar turawa in da buƙata. A birnin Sakkwato akwai Asibitin Ƙwararru, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo wanda ke da cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa da laka da kuma sashen gashin ƙashi, sai Asibitin Ƙashi da ke Wamakko. A wajen jihar akwai Asibitin Ƙashi na Ƙasa da ke Dala a Kano. Ciwon da ya kai mako shida bai sauka ba, ko wanda ke harbawa daga ɗuwawu zuwa ƙasan gwiwa, ya cancanci ganin likitan fisiyo ko da babu ɗaya daga cikin alamomin da aka lissafa. Mai zuwa ya tafi da kwalaye ko ledojin duk magungunan da ya sha, har da na gargajiya, kuma ya iya faɗin ranar da ciwon ya fara, da abin da ke tayar da shi, da abin da ke kwantar da shi.